Ƙaron Musanya da Gubar Lithiyam: Amfaninsa da Iyakarsa a Asibitocin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

  

Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wata tambaya da ke iya tasowa a duk asibitin da yake nesa da injin wankin ƙoda: idan maganin lithiyam ya yi wa mutum yawa a jini har ya zama guba, shin akwai abin da za a ba shi ta baki wanda zai kama sinadarin a cikin hanji, ya fita da shi ta bayan gida, kafin a isa babban asibiti? Akwai wani gari da masana sinadarai suka ƙera, wanda za a kira ƙaron musanya a cikin wannan bayani, kuma an shafe sama da shekara 30 ana gwada shi a kan wannan aiki. Abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne yana kama lithiyam, sai dai kamun kaɗan ne, kuma a kan hanyarsa yana kwasar wani sinadarin da zuciya ba ta iya aiki sai da shi, don haka amfaninsa ya rataya ne a kan samun ɗakin awon da zai sa ido a kan jinin majiyyaci.

Tambayar tana da nauyi a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji saboda yadda tsarin jinya yake a can. Majiyyaci yakan fara daga ɗakin shan magani na ƙauye, ya wuce cibiyar lafiya da ake kira CSI, daga nan a tura shi asibitin gunduma, sannan manyan asibitocin birnin Maraɗi, kuma kowane mataki yana cin sa'o'i da kuɗin mota. Daga Agye zuwa Maraɗi kusan kilomita 80 ne a kan babbar hanyar ƙasa da ta biyo ta Cadawa, Gazawa kuma, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Agye, tana gaba da haka ta gabas, yayin da asibitin Lamorde na Yamai, wanda aka sani da wankin ƙoda, yake sama da kilomita 600 daga Maraɗi. Inda tazara ta kai haka, duk maganin da ake iya ajiyewa a kan kanta a dama da ruwa a sha yana da jan hankali, kuma wannan ne ya sa ya kamata a san shi sani na haƙiƙa.

Lithiyam da larurar da ake shansa dominta

Lithiyam ƙarfe ne marar nauyi, shi ne na 3 a jerin sinadarai, kuma wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Johan August Arfwedson ne ya gano shi a cikin wani dutse a 1817. Yawancin mutane a yau sun san sunansa ne ta batirin waya da na hasken rana, amma wanda ake sha a matsayin magani gishirinsa ne, wato lithiyam kabonet, wanda a ƙasashe masu amfani da Faransanci aka fi sani da sunan Téralithe, mai miligiram 250 da kuma mai miligiram 400 da ke narkewa sannu a hankali. Yaron da ya haɗiye ƙaramin batiri mai kamar maɓalli yana cikin wani haɗari ne na daban, wato ƙonewar maƙoshi, abin da yake buƙata shi ne a ciro batirin cikin gaggawa, kuma babu abin da ƙaron musanya zai yi masa.

A 1949 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ostiraliya, John Cade, ya wallafa sakamakon ba da lithiyam ga majiyyata 10 masu tsananin zabura, daga baya Mogens Schou na Denmak ya tabbatar da amfaninsa ta hanyar gwaji mai tsari a 1954, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1970. Larurar da ake ba da shi dominta ita ce wadda yanayin mutum ke kaiwa da komowa tsakanin fuska biyu: wani lokaci zabura da rashin barci da yawan magana da ɓarnar dukiya, wani lokaci kuma baƙin ciki mai nauyi da ke hana ci da aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke fama da ita a 2019, ta kuma sa lithiyam cikin jerin magunguna masu muhimmanci, domin yana hana ciwon dawowa, yana kuma rage yiwuwar mutum ya kashe kansa. Duk da haka, jagoran da hukumar ta fitar a ƙarƙashin shirinta na mhGAP, domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba ne, ya gindaya sharaɗin cewa kada a fara ba da shi sai inda ake iya bibiyar majiyyaci da awon jini.

Dalilin sharaɗin shi ne ƙarancin tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Ana auna lithiyam da milimol a kowace litar jini, wato ma'aunin da ke ƙidaya yawan ƙwayoyin sinadari a madadin nauyinsu, kuma ana ɗaukar jinin sa'a 12 bayan shan magani na ƙarshe. Abin da ake nema yana tsakanin 0.6 da 1.2, alamomin guba sukan fara bayyana daga 1.5, abin da ya haura 2.5 kuwa yana iya kai ga rasa rai.

Yadda yake taruwa a jiki

Hanta ba ta sarrafa lithiyam, kuma ba ya manne wa furotin na jini, kusan dukkansa ta ƙoda yake fita. Ƙoda tana tace shi tare da ruwa, sannan ta mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ta tace zuwa jini, ta hanyoyin da take mayar da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya, domin ba ta cika bambanta su ba. Saboda haka duk abin da ya sa jiki ya ji ƙarancin ruwa ko gishiri yana sa ƙoda ta ƙara riƙe sodiyam, ta riƙe lithiyam tare da shi, ko da majiyyaci bai ƙara ƙwaya ɗaya a kan ƙa'idarsa ba. An koyi wannan darasi da asarar rayuka a Amurka a 1949, lokacin da masu ciwon zuciya da aka hana cin gishiri suka riƙa barbaɗa gishirin lithiyam a abinci a madadinsa, wasunsu suka mutu, aka janye shi daga kasuwa.

Abubuwan da ke jawo wannan taruwa duk sanannu ne a ƙasar Maraɗi. Akwai zafin bazara na watannin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da gumin aikin gona a farkon damina, da zazzaɓin cizon sauro mai zuwa da amai, da gudawa, wadda ta kai matsayin annobar kwalara a Madarumfa a 2018, ta sake bazuwa a jihar Maraɗi a 2021. Akwai azumin watan Ramadan idan ya faɗo cikin zafi, wanda ya kamata mai shan lithiyam ya nemi shawarar likitansa kafin ya ɗauka, tun da shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Akwai kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda masu talla ke sayarwa a kasuwannin ƙauye ba tare da takardar likita ba, suna rage yawan lithiyam da ƙoda ke fitarwa, haka ma wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari na dangin thiazide da kuma dangin captopril da enalapril. Ƙari a kan haka, shi kansa lithiyam idan an daɗe ana sha yana iya hana ƙoda tattara fitsari, mutum ya riƙa yawan fitsari da ƙishirwa, ta yadda yini guda na rashin shan ruwa ya isa ya jefa shi cikin haɗari.

Mutumin Gazawa ko Gidan Rumji da aka rubuta wa maganin a Yamai, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato, ko na Dawanau a Kano, gida zai dawo ya ci gaba da sha, kuma ranar da ya fara tangaɗi shugaban cibiyar lafiya mafi kusa, wanda jama'a ke kira majo, za a kai wa shi. Wannan ya sa sanin gubar ya zama wajibi har ga ma'aikacin da bai taɓa rubuta lithiyam da hannunsa ba.

Fuskokin gubar da alamominta

Masana sun kasa gubar kashi uku. Na farko shi ne wanda bai saba shan maganin ba ya haɗiye da yawa a lokaci guda, kamar yaron da ya tsinci kwalba, kuma shi amai da gudawa ne ke fara kama shi, awon jininsa yana iya yin sama ƙwarai alhali sinadarin bai riga ya ratsa ƙwaƙwalwa ba. Na biyu shi ne mai shan maganin da ya ƙara adadi mai yawa a kan wanda ke jikinsa, bisa kuskure ko da gangan. Na uku, wanda ya fi barin illa, shi ne wanda maganin ya taru masa a hankali cikin kwanaki ko makonni saboda ƙodarsa ta ja baya, kuma a wurinsa ƙwaƙwalwa ta riga ta jiƙa da sinadarin, don haka yana iya kasancewa cikin mawuyacin hali da awon da bai kai 2.5 ba.

Alamomin sun haɗa da karkarwar hannu mai ƙarfi, da tangaɗi kamar na mai maye, da nauyin harshe, da fizgar tsoka, da ruɗewa da yawan barci, daga nan sai jijjiga da doguwar suma, wani lokaci da raguwar bugun zuciya. Waɗannan alamomi suna kama da na zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau, iyali kuma suna iya ɗaukarsu a matsayin dawowar tsohon ciwo ko shafar iska, su ƙara wa majiyyaci maganin da ke cutar da shi. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira sukan rayu da tangaɗi da nauyin harshe har abada saboda lalacewar ɓangaren ƙwaƙwalwa mai daidaita tafiya, kuma guje wa wannan ne babbar manufar duk wani yunƙuri na fitar da sinadarin da wuri.

Mene ne ƙaron musanya

Gawayin asibiti, wanda ake ba mutumin da ya sha guba iri-iri domin ya tsotse ta a ciki, ba ya kama lithiyam, kasancewarsa ƙwaya ƙarama mai ɗauke da cajin lantarki, kuma wannan giɓi ne ya sa aka waiwayi ƙaron musanya. Manomin da ke da gona a jigawa da kuma fadamar Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba ya riga ya san tushen aikinsa, domin ya san yashi ba ya riƙe taki, ruwan sama ɗaya ya isa ya wanke shi, laka kuwa tana riƙewa ta riƙa sakar wa shuka a hankali. A 1850 wasu masana biyu a Ingila, Thompson da Way, suka nuna cewa ƙasa tana kama wani sinadarin taki ta saki wani a madadinsa, musanya ce ta ba ni gishiri in ba ka manda. A 1935 Adams da Holmes suka ƙera abu na farko mai wannan hali a ɗakin bincike, a shekarun 1940 kuma aka samar da irin da ake yi daga folistirin, wato robar da ake yin farin soson da ke kare kayan lantarki a cikin kwali.

Wanda ake amfani da shi a asibiti sunansa sodiyam folistirin salfonet, an fi saninsa da sunan kasuwa Kayexalate, kuma an amince da shi a Amurka tun 1958 domin rage fotasiyam a jinin masu ciwon ƙoda. Gari ne mai laushi wanda ciki ba ya narkarwa, hanji kuma ba ya tsotsa, kowace ƙwayarsa tana ɗauke da ɗimbin ƙugiyoyi masu caji, kowace ƙugiya tana riƙe da sodiyam guda, idan ya ratsa hanji sai ya saki sodiyam ya kama wani sinadarin mai irin cajinsa, ya fita da shi. An kira shi ƙaro ne saboda a harsunan Turai sunan ƙaron itace aka ara masa, amma ba shi da dangantaka da ƙaron dakwara da ake tsinta a daji, kuma wannan na dajin ba ya kama lithiyam ko kaɗan.

Akwai hanya biyu da ake fatan ya taimaka. Ta farko ita ce ya tare lithiyam da aka haɗiye kafin ya shiga jini. Ta biyu ita ce ya kama wanda ke tsattsafowa daga jini zuwa cikin ruwan hanji, ya hana shi komawa, ta yadda idan aka maimaita shan garin hanjin zai zama wata ƙaramar ƙoda. Matsalar ita ce ƙugiyoyin suna da zaɓi: sun fi son kalsiyam da magniziyam, sannan fotasiyam, sannan sodiyam, lithiyam ne na ƙarshe a wurinsu, domin duk da ƙanƙantarsa yana yawo ne lulluɓe da rigar ruwa mai kauri da ke hana shi matsowa kusa da ƙugiya. Ɗan lissafi yana fayyace abin da wannan ke nufi. A cikin jiki, giram ɗaya na garin yana musanya kimanin milimol 1 na fotasiyam, don haka giram 30 ba zai wuce kimanin milimol 30 ba, kuma rabon lithiyam a ciki ƙarami ne, alhali ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 tana ɗauke da kusan milimol 11 na lithiyam, ƙwaya 20 kuwa sun haura milimol 200.

Abin da bincike ya nuna

Daga 1989 James Linakis da abokan aikinsa a Amurka suka yi jerin gwaje-gwaje a kan ɓeraye, suka ga cewa gawayi bai rage lithiyam a jini ba, ƙaron kuwa ya rage, har ma bayan sinadarin ya riga ya shiga jiki, amma sai da adadi mai yawa, kuma fotasiyam ɗin dabbobin ya faɗi. A 1992 aka wallafa gwaji biyu a kan mutane masu lafiya da suka ba da kansu, aka ba su lithiyam kaɗan sannan aka bi su da ƙaron, kuma a dukkan biyun abin da ya shiga jini ya ragu, sai dai ragin bai kai kashi ɗaya bisa biyar ba.

Binciken da ya fi jan hankali shi ne na Marc Ghannoum, likitan ƙoda a Montreal ta Kanada, da abokan aikinsa, wanda aka wallafa a 2010. Sun duba takardun majiyyata 48 masu gubar da ta taru a hankali, 12 daga cikinsu an ba su ƙaron, suka auna tsawon lokacin da lithiyam ke ɗauka kafin ya ragu zuwa rabin abin da yake a jini. A wurin waɗanda aka ba ƙaron lokacin ya kasance kimanin sa'a 20 da rabi, a wurin sauran kuma kimanin sa'a 43, sai dai rabin waɗanda aka ba sun sami raguwar fotasiyam, ɗaya kuma ya yi fama da taurin bayan gida. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma yana da iyaka huɗu da ya wajaba a riƙe: waiwayen tsofaffin takardu ne, likitoci ne suka zaɓi wanda za su ba bisa ganin damarsu, mutanen kuma kaɗan ne, sannan abin da aka auna raguwar adadi ne a jini, alhali abin da iyali ke so su sani shi ne ko majiyyacinsu zai tashi ya yi tafiya daidai ya yi magana sarai. Saboda waɗannan dalilai ne masana guba ba su sa ƙaron cikin abin da ake yi wa kowane mai gubar lithiyam ba.

Illolinsa

Illa ta farko ita ce faɗuwar fotasiyam, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin milimol 3.5 da 5.0 a lita, wanda kuma da shi ne tsokar zuciya ke daidaita bugunta. Mai gubar lithiyam yakan zo ya riga ya zubar da fotasiyam ta amai da gudawa, wanda abinci ya yi wa ƙaranci a tsakiyar damina ma ajiyarsa ba ta da yawa tun farko, shi kansa lithiyam kuma yana taɓa bugun zuciya, don haka ba shi garin da ke ƙara kwashe fotasiyam ba tare da awo ba yana iya zama garin neman gira a rasa ido. Illa ta biyu ita ce sodiyam da garin ke ɗauke da shi, kimanin miligiram 100 a kowane giram, wanda nauyi ne ga mai ciwon zuciya ko kumburi, haka kuma ga wanda lithiyam ya riga ya sa yana zubar da ruwa ta fitsari har gishirin jininsa ya hau.

Illa ta uku a hanji take. Garin yana taurara bayan gida, yana iya toshe hanji, kuma an sami mutanen da bangon babban hanjinsu ya mutu ya huje, musamman idan an haɗa shi da sobitol, wani ruwan zaƙi mai sa gudawa da aka saba dama shi da shi. A 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan haɗi, wani nazari na 2013 da ya tattara bayanan mutum 58 da suka sami raunin hanji kuma ya nuna cewa kashi ɗaya bisa uku na mutanen sun rasu. A 2017 hukumar ta ƙara da cewa a bar aƙalla sa'a 3 tsakaninsa da sauran magungunan sha, domin yana kama su su ma. Wanda hankalinsa ya gushe kuwa, ɗura masa gari ta baki yana iya kai shi cikin huhu.

Matsayinsa a cikin jinya

Abin da ke gaba da komai shi ne a dakatar da lithiyam nan take, tare da duk maganin da ke hana ƙoda fitar da shi, a kula da numfashi, a sa wa majiyyaci ƙarin ruwa mai gishiri ta jijiya domin ƙoda ta daina riƙo, ana lura da yawan fitsarinsa, ba tare da an ba shi maganin sa fitsari ba. Madara da manja da ruwan kanwa da tilasta amai, waɗanda ake gaggawar yi a gida, babu wanda ke fitar da lithiyam a cikinsu, ɓata lokaci kawai suke yi. Idan ƙwayoyi masu narkewa a hankali aka haɗiye da yawa, likita yana iya wanke hanji gaba ɗaya da ruwan da aka tanada domin haka. Ana auna lithiyam da sodiyam da fotasiyam da kiriyatinin, wato ma'aunin ƙarfin ƙoda, a maimaita awon lithiyam bayan kowace sa'a 6, kuma ma'aikacin ɗakin awo ya kiyaye kada ya zuba jinin a kwalbar da ke ɗauke da lithiyam hefarin, domin za ta ba da adadi na ƙarya.

Wankin ƙoda shi ne hanya mafi ƙarfi, domin injin yana tsarkake sama da mililita 100 na jini daga lithiyam a minti guda, alhali lafiyayyar ƙoda ba ta wuce 10 zuwa 40 ba. A 2015 wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa mai suna EXTRIP ya fayyace lokacin da ake yinsa: idan ƙoda ta raunana kuma awo ya haura 4.0, ko kuma idan hankali ya ragu, ko an sami jijjiga ko rikicewar bugun zuciya mai haɗari, komai adadin da awo ya nuna. Kwamitin ya kuma ba da shawarar a yi shi idan awo ya haura 5.0, ko majiyyaci ya ruɗe, ko ana ganin za a wuce sa'a 36 kafin adadin ya sauko ƙasa da 1.0, sannan a ci gaba da awo bayan wankin domin sinadarin yakan sake fitowa daga tsoka zuwa jini. Amfanin wannan ga majo a garuruwa irin su Gangara ko Tibiri shi ne rabin sharuɗɗan da ido ake ganinsu: mai shan lithiyam da ya ruɗe ko ya suma ko ya yi jijjiga na tura wa ne a take, da ƙarin ruwa a hannunsa da kwalin maganinsa a tare da shi.

Gurbin da ya rage wa ƙaron musanya ƙunci ne da shi. Likita a asibiti yana iya duba yiwuwar ba da shi ga wanda gubarsa ta taru a hankali kuma ba ta yi tsanani ba, yana cikin hayyacinsa, hanjinsa yana motsi, fotasiyam ɗinsa daidai yake kuma ana iya sake auna shi sau da yawa a yini, a dama garin da ruwa zalla ba tare da sobitol ba. Ba a ba wanda hanjinsa ya toshe, ko wanda bai daɗe da tiyata ba, ko jariri, ko mai ciwon zuciya. Karin maganar da ke cewa da babu gara ba daɗi ba ta aiki a nan, domin asibitin da ba ya iya auna fotasiyam shi ne ya fi kowane cancantar ya nisanci wannan gari, kuma babu hujjar jinkirta motar ɗaukar marasa lafiya ko da sa'a ɗaya ana jiran a ga aikinsa.

Kammalawa

Ƙaron musanya mataimaki ne mai ƙaramin ƙarfi da haɗari na gaske, kuma abin da zai kare mai shan lithiyam a Agye da Gazawa da Gidan Rumji yana faruwa ne tun kafin a kai ga tunanin ba da shi. Likitan da ya rubuta maganin ya tabbatar akwai inda za a riƙa auna jinin majiyyaci, ya ba shi takarda mai ɗauke da sunan maganin da adadinsa da zai riƙa yawo da ita. Iyali su ajiye maganin a hannun babban mutum guda, nesa da yara, su tabbatar majiyyaci yana shan ruwa isasshe ba ya kuma canja cin gishirinsa, su hana shi sayen maganin ciwon jiki a hannun masu talla, kuma ranar da amai ko gudawa ko zazzaɓi ya kama shi a tsayar da lithiyam a nufi asibiti. Ma'aikacin jinya ya saba tambayar duk wanda aka kawo da karkarwa da tangaɗi wane magani yake sha. Hukumomin lafiya na jiha da na gunduma kuma su sa awon sodiyam da fotasiyam da kiriyatinin cikin abin da asibitin gunduma ba zai rasa ba dare da rana, su fayyace wa kowace cibiya lambar da za ta kira da asibitin da za ta tura majiyyacin da ke buƙatar wankin ƙoda, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi kuma ta ba gubar magunguna gurbin da ya dace a karatun ɗalibanta na lafiya.